Kundin aikin ajinmu na yamma: kalmomin Turanci na dangin girma da mutunci

Litinin, 15 ga Satumba, 2025

Mun koma darasin yamma a Zariya bayan dogon hutu. Ɗalibai goma sha tara ne 'yan aji shida na sakandare, sai magidanta biyu da ke shirin sake zana jarrabawa. Bana na yanke shawarar za mu riƙa ɗaukar kalmomin Turanci dangi-dangi, mu daɗe a kan dangi guda har mu san shi ciki da waje, sannan mu tattara abin da muka samu ya zama ɗan littafin da kowa zai tafi da shi gida.

Dangin farko shi ne na *honour*. Kullum da safe yaran nan suna furta kalmar a filin taron makaranta, cikin alƙawarin ƙasa da Farfesa Felicia Adedoyin ta rubuta a 1976, inda ake cewa *uphold her honour and glory*. Na tambaye su ma'anarta, suka ce girma. Na ce *glory* fa? Girma. *Dignity*? Girma. *Respect*? Aka yi dariya, aka sake cewa girma. To a jarrabawar JAMB akwai sashen da ake ba ka kalma a ce ka zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana cikin huɗu, kuma wanda duk huɗun girma ne a wurinsa sai dai ya yi canke.

Na sayi kwali goma a kan naira 3,000, maka uku naira 1,500. Ƙamus uku zan riƙa dubawa: na Oxford na masu koyo, da na Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 wanda na aro, da na Bargery na 1934 da ke intanet.

Laraba, 17 ga Satumba

Yankan kwali. Kowane kati kalmar Turanci a gaba, Hausarta a baya. Magariba ta same mu a kai.

Asabar, 20 ga Satumba

Tun kafin a kai ga ma'ana furuci ya tsayar da mu. Bahaushe yana ba harafin h haƙƙinsa, ga shi a hannu, ga shi a hanya, don haka duk ajin da h suke fara kalmar. Alhali a Turanci ba a furta ta a nan, da wasali ake farawa. Haka take a *honest* da *hour* da *heir*, shi ya sa ake cewa *an honour*, *an honest man*, amma a ce *a house*, *a horse*. Takardar WAEC ta gwajin furuci tana yawan kawo irin waɗannan baƙaƙen da ake rubutawa ba a faɗa.

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, to me ya sa suke rubuta abin da ba za su faɗa ba?" Tambayar ta ci rabin darasi, kuma ta cancanta. Kalmar asalinta Latin ce, *honor*. Daga nan ta shiga Faransanci, inda aka daina furta h tun da daɗewa. A 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, kalmar ta shigo Turanci da furucin Faransawa. Marubuta kuma suka riƙe h ɗin saboda sun san Latin. Kusan duk kalmomin da za mu yi a wannan dangi ta wannan ƙofa suka shigo: *dignity*, *respect*, *esteem*, *noble*, *glory*. Kalmomin sarakuna da alƙalai ne, ba mamaki da suka zo tare da masu mulki.

Sai rubutu. Ingila *honour*, Amurka *honor*. Samuel Johnson ya riƙe u a ƙamus ɗinsa na 1755, Noah Webster ya cire ta a nasa na Amurka na 1828, tare da ta *colour* da *labour*. Makarantunmu tsarin Ingila suke bi, wayoyin yara kuma yawanci na Amurka suke nuna musu. Na ce kowa ya riƙe na Ingila a ajin nan, kada a gauraya cikin insha'i ɗaya.

Talata, 23 ga Satumba

Ruwan sama tun la'asar. Mutum shida suka zo, muka yi bita.

Asabar, 27 ga Satumba

Yau muka shiga inda aikin yake da wuya, wato raba *honour* da *dignity*. Ƙamus zai ba ka mutunci a duka biyun, kuma bai yi ƙarya ba.

Ga yadda na shimfiɗa musu. *Dignity* daga kalmar Latin *dignus* take, abin da ya cancanta. A harshen doka ita ce darajar da mutum yake da ita don kawai shi ɗan'adam ne, ba wanda ya ba shi, ba kuma wanda ke da ikon karɓewa. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 a kanta yake magana, shi ne ya hana azabtarwa da bautarwa da wulaƙanta mutum. Mataki na farko na jawabin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan'adam na 1948 ma da ita ya buɗe. Ɓarawon da aka kama da kaya a hannu yana da *dignity*, shi ya sa bai halatta a tuɓe shi a zagaya da shi kasuwa ba.

*Honour* kuwa ana samu, ana rasawa. Fuska biyu gare ta. Akwai wadda mutane ke ba ka, karramawa ke nan. Akwai wadda kai kake riƙe wa kanka, dattako da cika alƙawari ko da ba mai kallo. *A man of honour* dattijon da maganarsa ɗaya ce. *Word of honour* shi ne abin da muke nufi in mun ce alƙawari kaya ne.

Ɗaya daga cikin magidantan ya kawo karin maganar nan ta mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, ya ce wacce ce a ciki? Na ce wannan madarar *honour* ce da *reputation*, wato abin da jama'a suka san ka da shi. *Dignity* ta doka ba ta zubewa, sai dai a keta ta.

Daga nan aji ya ɗauki zafi, kowa na jefo jimla. "An ci mutuncinsa a ofishin 'yan sanda": *dignity*. "Ya zubar da mutuncin gidansu": *honour*. "Akwai mutunci tsakanina da shi": ko ɗaya ba ta shiga, Bature cewa zai yi *we are on good terms*. "Yaron nan ba shi da mutunci": nan ma babu, rashin kunya ake nufi ko rashin kara, *rude* ko *ruthless* gwargwadon zancen. Ashe mu ma mun ɗora wa mutunci kaya da yawa, ba su kaɗai ke cusa ma'anoni a kalma guda ba.

*Integrity* ta zo da sauƙi don sun san *integer* a lissafi, lamba cikakkiya marar gutsure. Mutumin da halinsa bai rabu biyu ba, na ɓoye da na sarari ɗaya ne. Na rubuta a katin: riƙon amana da tsayuwa kan gaskiya.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutun ranar 'yancin kai, amma mun haɗu da safe. Ranar ta dace da batun lambobin girma na ƙasa, *national honours*. Dokar da ta kafa su ta 1964 ce. Rukuni biyu ne, na Tarayya (*Order of the Federal Republic*) da na Neja (*Order of the Niger*), kowanne da hawa huɗu: GCFR, CFR, OFR, MFR a ɗaya, GCON, CON, OON, MON a ɗayan. GCFR ta shugabannin ƙasa ce a al'ada, GCON kuma akan ba mataimakin shugaban ƙasa da shugaban Majalisar Dattawa da Alƙalin Alƙalai.

Abin lura ga mai koyon harshe shi ne a nan kalmar ta zama abin ƙirgawa, ana cewa *an honour*, ana cewa *honours*. Wadda ke nufin dattako ba a ƙirga ta. Kuma tana da fi'ilan da take tafiya da su: *confer an honour on* mutum, *bestow*, *accept*, *decline*. Chinua Achebe ya ƙi karɓar CFR a 2004 zamanin Obasanjo, ya sake ƙi a 2011 zamanin Jonathan, saboda rashin jin daɗin yadda ake tafiyar da ƙasa. Na gina musu jimla a allo: *He declined the honour as a matter of honour.* Ta farko lambar yabo, ta biyu riƙon dattako. Ita ce jimlar da ta fi shiga kansu tun da muka fara.

Mun taɓa *Sir* kaɗan. Sardauna Ahmadu Bello ya sami lambar KBE ta Ingila, wadda ke ba mutum laƙabin *Sir*, a 1959, Abubakar Tafawa Balewa a 1960. Ƙa'idar ita ce *Sir* da sunan yanka take tafiya: *Sir Ahmadu*, *Sir Abubakar*, ko cikakken suna. *Sir Bello* kuskure ne, ko da yake ana ganinsa a rubuce.

Asabar, 4 ga Oktoba

Gwajin farko, kuma ya fito da matsala a fili. Kashi biyu na yi shi. A na farko su haɗa kalmar Turanci da Hausarta, kusan kowa ya cinye. A na biyu su cike gurbi a jimla, nan aka yi zubewar gaske, waɗanda suka haura rabin maki ba su kai biyar ba.

Jimlar *The bank refused to ___ the cheque* ta kayar da kowa. Wasu sun sa *respect*, wasu *dignify*. Amsar *honour* ce, da ma'anar biyan abin da aka yi alƙawari. *She graduated with first class ___*: an sa *glory*, an sa *dignity*, amsar *honours*. *He is held in high ___*: amsar *esteem*, mutum biyu suka samu. Wani ya rubuta *I respect to inform you* a maimakon *I have the honour to inform you*, wadda tsofaffin wasiƙun ofis ke buɗewa da ita.

Da na zauna da takardun da dare sai na ga kuskuren iri ɗaya ne. Ba ma'anar ce ta ɓace musu ba. Abin da ba su sani ba shi ne wace kalma ke zama kusa da wace. Ana cewa *guest of honour* ga babban baƙo, *guard of honour* ga faretin girmamawa, *lap of honour* ga zagayen da zakara ke yi a fili bayan nasara. Ba a cewa *guest of respect*. Ana cewa *pay respect*, *earn respect*, *command respect*, ana cewa *die with dignity*, *beneath his dignity*. Katin da ke da kalma a gaba da fassara a baya ba shi da wurin ɗaukar wannan.

Tsarin zai canza. Kowane kati zai fara da jimloli biyu na Turanci, sai jerin kalmomin da ke rakiyar kalmar, sai bayani da Hausa cikin cikakkiyar jimla. Fassarar kalma guda ta koma can ƙasa da ƙaramin rubutu. Tsofaffin katunan sun tashi aiki. Ƙarin kwali takwas, naira 2,400.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sake rubuta katuna. Na raba aji gida huɗu, kowane rukuni ya samo jimloli daga jarida. Sun fi ni saurin tsinto su.

Asabar, 11 ga Oktoba

Batun yadda ake kiran alƙalai ya tayar da ƙura. A finafinan Amurka sun saba jin *Your Honor*. A manyan kotunanmu *My Lord* ake cewa, a kotun majistare kuma yawanci *Your Worship*. *Lord* dai Ubangiji muka san ta, *worship* kuma bauta. Ina rufe baki babban magidancin ajin, wanda ya girme ni, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ni bakina ba zai iya ce wa ɗan'adam haka ba. Bauta ta Allah ce, Ubangiji kuma ɗaya ne." Aji ya yi tsit, wasu na gyaɗa kai. Na ce masa, "Yallaɓai, maganarka tana kan hanya, a ba ni zuwa Talata."

Bayan isha'i na tafi wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi ritaya yana rajistaran kotu. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya faru. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wanda kake biya kuɗin haya me kuke ce masa da Turanci?" Na ce, "*Landlord*, Kawu." Ya ce, "To ka taɓa jin wanda ya ce ya yi shirka don ya kira mai gidan haya da wannan suna?" Ya ƙara da cewa ko a Hausar da, ana cewa ubangijin bawa ko ubangijin doki ana nufin mai shi, daga baya ne kalmar ta fi karkata ga Mahalicci. Na duba Bargery, ma'anonin biyu duk suna nan.

Asalin kalmomin ya ƙara haske. *Lord* daga tsohon Turanci *hlaford* take, mai tsaron burodi, wato maigidan da ke ciyar da mutanensa. *Worship* kuwa *worth* ce aka yi wa ɗafi, asalin ma'anarta ƙima ko cancanta. Tana cikin 'yan kalmomin girma na Turanci na gado, waɗanda suka riga zuwan Normawa. Ma'anar bauta ita ta rinjaya a bakin jama'a, amma tsohuwar ta maƙale a kotu da ofishin magajin gari a Ingila, daga can muka gaje ta. Don haka *Your Worship* kusan "ya mai daraja" ke nan.

Kawu ya ce in tuna wa yara cewa mu ma muna da namu: Mai Shari'a, da "Allah ya gafarta Malam" a gaban alƙali, da "ranka ya daɗe" a gaban basarake. Ya hana ni tafiya sai da na ci tuwo.

Talata, 14 ga Oktoba

Na kai wa aji bayanin. Magidancin ya ce ya fahimci asalin, amma shi dai in ta kama *Sir* zai ce. Na rubuta ma'anonin biyu a katin, tsohuwa da sabuwa. Hukuncin faɗa ko bari na malaman addini ne, nawa aikin ya san abin da kalmar ke nufi in ya gan ta a takarda.

Asabar, 18 ga Oktoba

Kalmomi uku masu kama da juna: *honourable*, *honorary*, *honorarium*. Ta farko tana da u a rubutun Ingila, biyun ƙarshe ba su da ita ko a Ingila. Na sa an ja layi ja a ƙarƙashin wannan.

*Honourable* kowa ya san ta, ta zama Onarabul a bakinmu. 'Yan Majalisar Wakilai 360 da ita ake kiransu, haka 'yan majalisun jihohi, su kuma sanatoci 109 *Distinguished* ake ce musu. Yanzu har wanda ya tsaya takarar kansila ya faɗi, Onarabul ne har abada. A majalisar Ingila 'yan majalisa suna kiran juna *the honourable member* a cikin zaure, amma ɗan majalisa ba ya manna ta gaban sunansa a katin biki don kawai an zaɓe shi. *Right Honourable* a can ta 'yan majalisar ba sarki shawara ce, a nan mun ba kakakin majalisa. Asalin ma'anar siffar dai shi ne mai halin dattako, kuma jarrabawa wannan take tambaya. Wani yaro ya ce, "Malam, ke nan ana iya samun Onarabul da ba *honourable* ba?" Na ce ya rubuta jimlar da Turanci, ya samu maki.

*Honorary* abin da aka ba ka don girmamawa, ko muƙamin da ba albashi. *Honorary degree* shi ne digirin girmamawa, ba ka zauna aji ba. *Honours degree* kuwa sai ka sha karatun shekara huɗu, shi ne Hons da ake gani cikin baka bayan B.A. ko B.Sc. *Honorarium* ɗan ihsanin da ake ba wanda ya gabatar da lacca ko ya yi wani aikin da ba a yanka masa farashi ba.

Na ƙara shafi guda na laƙabobi: Mai Girma tana ɗaukar *His Excellency* ta shugaban ƙasa da gwamna, tana kuma ɗaukar *Honourable*. Mai Martaba *His Royal Highness*. Mai Alfarma Sarkin Musulmi *His Eminence*, laƙabin da cocin Katolika ke ba kadinal.

Asabar, 25 ga Oktoba

Mummunan mako. Ranar Litinin na kai rubutun hannu shafi 24 wani shagon buga takardu, naira 250 kowane shafi, na biya 6,000. Ranar Laraba na karɓo, na tarar duk inda na rubuta *honour* ya koma *honor*. Kwamfutarsu a kan Turancin Amurka take, tana ja wa kalmar jan layi, yaron shagon kuma ya bi ya gyara mini a ganinsa.

Na koma na yi masa bayani. Ya ce, "Malam, ba komai, minti biyu ne." Ya ba kwamfuta umarni ta canza kowace *honor* zuwa *honour* a lokaci guda. Sai ga *honourary* da *honourarium* da *honourific*, kurakuran da aka yi shafin musamman don hana su. Teburin da ke kwatanta rubutun Ingila da na Amurka ya koma gefe biyu iri ɗaya.

Ɓangaren Hausa ya fi muni. Nau'in rubutun da ya zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, suna fitowa akwati-akwati, shi kuma ya mayar da su k da d da b. A shafin kotu "shigar da ƙara" ta zama "shigar da kara", alhali kara tana cikin kalmomin da muka yi bayani a shafin mutunci. Ƙima ta zama kima, ɗaukaka ta zama daukaka. Littafin da ke koya wa yara kula da harafi guda a Turanci ba zai fita da Hausarsa a gurgunce ba.

Mai shagon ya ce kuɗi ba sa komawa, sai dai a sake bugawa in biya rabi. Na bar masa. Zan buga da kaina a waya da Gboard, yana da allon Hausa mai haruffa masu lanƙwasa, in mayar da shi PDF yadda ba mai iya taɓa shi. Data naira 3,000.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Bugu a waya bayan isha'i. Na kai shafi na sha ɗaya. Ido na ciwo.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Kishiyoyi. *Dishonour*, *disgrace*, *shame*. *Shame* kunyar da ake ji a zuci ko abin kunya, kuma ba ta ɗaukar kunya mai kyau irin ta suruka ko ta ɗan fari, wannan sai dai *modesty* ko *reserve*. *Disgrace* faɗuwar girma a idon jama'a. *Dishonour* ta fi su nauyi, kuma tana da aikin banki: *dishonoured cheque* shi ne cekin da banki ya ƙi biya don babu kuɗi a asusu. Nijeriya tana da doka ta 1977 da ta mai da bayar da irin wannan ceki laifi. Magidantan biyu sun fi kowa sauraro a nan.

*Infamous* tarko ce. Yara suna ɗauka wanda ba a sani ba ne, tunda *in* takan kore ma'ana. Sananne ne, amma da mugun abu, kuma nauyin furucinta a gaɓar farko yake. Hausa ta hutar da ni: *famous* shahara, *infamous* da *notorious* ƙaurin suna. Ba wanda ya sake tambaya.

Ɓata suna *defamation* ne, in a rubuce ne *libel*, in da baki ne *slander*. *Lose face* daga Sinanci Turawa suka aro ta a ƙarni na 19, sannan suka ƙirƙiro *save face* a kanta. Wasu sun so su ce cin fuska, na ce a'a: *lose face* jin kunya a bainar jama'a, *save face* kuma ya fi kusa da rufin asiri.

Muka ƙare da *respectful* mai ladabi, *respectable* mai kamala a idon mutane, *respective* wadda ba ruwanta da girma sam, "kowa nasa" take nufi.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Shafuka sun yi yawa, dole a rage. *Chivalry*, *accolade* da *laurels* sun fita, sai wani karo. *Homage* ta tsaya saboda jaridunmu na Turanci kullum suna rubuta *Sallah homage* in an kai wa sarki ko gwamna gaisuwar salla. Daga *homme* take, mutum da Faransanci: bara ya durƙusa gaban ubangidansa ya ce ni mutuminka ne. Caffa ke nan. *Tribute* ma ta tsaya, da ma'anarta ta da, abin da ƙaramar ƙasa ke kai wa babba, da ta yanzu, yabon da ake yi wa mutum, musamman mamaci.

*Prestige* na bar ta don son raina. Asalinta a Latin da Faransanci rufa-ido ne, dabon masu sihiri, kafin ta koma nufin kwarjinin suna. Duk makarantar kuɗin da na gani ta rubuta *prestigious* a allonta sai na tuna.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Gwaji na biyu, cike gurbi zalla, da sababbin jimloli. Fiye da rabin aji sun haura rabin maki. *Esteem* da *reverence* har yanzu suna ba da wahala, kuma h ɗin nan tana dawowa da zarar an yi sauri a karatu. Za mu riƙa buɗe kowane darasi da minti biyar na furuci.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An buga. Shafi 28, kalmomi 46, kwafi 25 a kan naira 30 kowane shafi, 21,000. Bango da ɗinki 2,500. Na tsaya a kan mai injin har ya gama, daga PDF kai tsaye.

Jimillar abin da aka kashe tun Satumba naira 39,400, har da 6,000 da suka tafi a banza. Ɗalibai sun haɗa 500 kowanne, 10,500 ke nan, sauran 28,900 daga aljihuna. Kwafi huɗu da suka rage, ɗaya na Kawu, ɗaya na wanda ya ara mini ƙamus, biyu na ajiye.

Wata ɗaliba ta riga ta gano an maimaita jimla ɗaya a shafi na 9 da na 17, za a cire a bugu na gaba. Dangi na biyu shi ne na *justice*, za mu fara bayan jarrabawar zangon farko. Kawu ya yarda zai zo aji ranar wata Asabar ya yi musu bayanin kalmomin kotu, da sharaɗin in aiko mai Keke Napep ya ɗauko shi. Wannan karon kowa zai ba da naira 1,000 tun farko, kuma rukunonin huɗu su za su buga nasu shafukan a waya.